Ramin Gafiya

Inna Barira ta iso Yamai da asuba.
Motar Tawa ta sauke ta da ciwon ƙugu
da buhun albasa guda, wai na likita.
Shekara uku tana haɗiyar farin maganin nan
kowace safiya bayan kunu,
ko ranar da aka kai Malam makwanci ba ta tsallake ba.
Ga shi kuma abin ya dawo,
ƙasa da tabon wuƙa,
tauri kamar ƙwallon magarya.

Ni ke aiki a ɗakin gwaji.
Ni na yanka tsokar,
ta fi ɓawon albasarta rashin kauri,
na shimfiɗa a gilashi, na ɗiga rini.
Lamba aka rubuta a kai, ba suna ba,
amma wa zai ɓoye mini
matar da ta goye ni ranar da uwata ta kasa?

A madubi ƙwayoyin sun rine,
launin yawun goro a jikin bango.
Kowane ɗigo kunne ne.
Na ƙirga har idona ya yi yaji.

Dokta Tinni Hausarsa da ɗingishi take tafiya,
inda ta faɗi in ɗaga ta.
Ya ce, isturojin ɗan aike ne, Inna,
jini ne hanyarsa.
Yakan shiga har ƙuryar ƙwaya
ya raɗa wa kunne: rabu biyu.
Biyu su zama huɗu.
Maganin da kike sha auduga ne a kunnen.

To, me ya cire audugar?

Tana nan, in ji shi. Ba laifinki.
Ciwon ne ya koyi aiken kansa.
Akwai furotin da yake fitarwa kamar gumi,
naman da ke kewaye ma na taya shi.
Furotin ya ƙwanƙwasa wata ƙofa a jikin ƙwaya,
ƙofa ta zunguri na ciki,
na ciki ya zunguri na gaba,
hannu da hannu,
har magana ta iso kunnen nan ta ƙeya,
inda babu auduga.

Inna ta gyara lulluɓi.
Ta daɗe tana kallon fankar da ke juyawa.

Ta ce, ai fangali ne.
Ka toshe bakinsa da laka, ka tafi azahar,
ka dawo ka tarar ya yi sharkaf.
Gafiya ce ta huda daga na maƙwabci.
Mu a Tabalak ba ma zagin laka.
Ramin ake nema.

Dokta ya ajiye biro.
Ya ce in sake faɗa masa a hankali.
Ya rubuta fangali a gefen takarda,
da harafi ɗaya a karkace.

Ya ce akwai maganin da ke bin ramin,
in gwaji na biyu ya nuna wane rami ne.
Ya faɗi kuɗin da murya ƙasa-ƙasa.
Ita ba ta lissafi da jika.
Na ga leɓenta na motsi:
buhu, buhu, buhu,
ta wuce girbin bana, ta shiga na baɗi.

Da dare a Yantala wuta ta ɗauke.
Na haska waya ina shafa mata man kaɗe,
yatsana ya bi tabon daga farko zuwa ƙarshe.
Abin da ban gaya mata ba:
irin furotin ɗin nan ne ya haɗe bakin raunin,
irinsa ne ya tayar da nonon tun tana budurwa.
Ba baƙo ba ne.
Ɗan gida ne da ya manta yadda ake yin shiru.

Ta karɓi wayar, ta kira Sabi'u.
Ban ji ta ambaci asibiti ba.
Ka duba fangalin gabas, ta ce,
tun da zan taho nake zarginsa.